Babban Babur a Titunan Abijan: Kafin Ka Ƙirga Kuɗinka Ka Miƙa

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na wannan mako, mun rubuta shi saboda waɗanda kasuwa ta hana su zama kusa da rediyo, da kuma waɗanda suka ce a ba su a takarda su karanta a natse. Saƙonni sun yi ta shigowa daga Ajame da Tireshbil, har da wasu daga Yamai da Maraɗi da Kano, kuma tambayar kusan ɗaya ce: mutum ya tara 'yan kuɗinsa, ransa yana son babban babur irin wanda ke wucewa da ƙara a kan gadar De Gaulle da daddare, shin ya saya ko ya haƙura? To mai karatu, gyara zama.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin ba kowane babban moto ne iri ɗaya ba. Akwai na tsere zalla, wanda mahayinsa ke kwanciya a kan tanki kamar mai neman abin da ya faɗi. Akwai na doguwar tafiya, mai faɗin kujera da akwatuna. Wanda muke nufi yana tsakiyarsu ne: injinsa na tsere, amma zamansa na matafiyi. Yana da gilashin tare iska a gaba, tanki babba, kujerar mutum biyu, da wurin rataya akwati hagu da dama. Misalinsa Kawasaki Ninja 1000SX, mai injin cc 1,043 da ƙarfin dawaki wajen 140, nauyinsa kilo 235, tankinsa lita 19. Ga Yamaha FJR1300 da ya fito tun 2001, mai cc 1,298 da tankin lita 25, shi kuwa nauyinsa ya kusa kilo 290. Ga Suzuki GSX-S1000GT, ga Yamaha Tracer 9, ga BMW R1250RT. Sai kuma wanda samari suka fi riƙe sunansa, Suzuki Hayabusa, wanda da ya fito a 1999 ya haura kilomita 300 a awa, har kamfanonin suka ga abin ya yi yawa suka yarda a tsakaninsu su tsayar da gudun baburansu a 299.

Waɗannan lambobin ba za su shiga kunne ba sai an gwada su da abin da ka sani. Babur ɗin da ka saba hawa, ko Boxer ne ko Haojue ko Apsonic, injinsa cc 100 zuwa 150 ne, ƙarfinsa dawaki 8 zuwa 12, nauyinsa bai fi kilo 125 ba. Ka ga ke nan Ninja ɗin nan ya ninka shi a ƙarfi fiye da sau goma. Tsohuwar Corolla da ake taksi da ita a Abijan ƙarfinta wajen dawaki 100 ne, kuma tana jan jikin da ya kai tan ɗaya. Shi kuwa babur ya fi ta ƙarfi alhali bai kai rubu'in nauyinta ba. Shi ya sa daga tsaye zuwa gudun 100 a awa daƙiƙa uku zuwa huɗu sun ishe shi. A wasunsu giyar farko kaɗai tana kai ka kusa da 100. Murɗa totur ɗin da ka saba yi wa ƙaramin babur don ka tsallake rami, in ka yi wa wannan irinta, gaban ya tashi sama kai kuma ka koma ƙasa.

Yanzu mu zo gida. Ka ɗauki wannan dabbar ka shiga da ita Bulbar Nangui Abrogoua da ƙarfe goma na safe. Gbaka ta tsaya a tsakiyar titi tana lodi, yaron mota ya rataye a ƙofa yana kiran Abobo, woro-woro ta kutso ta hagu, mai tura kaya ya fito daga Forum da dila a baro, masu talla sun cinye rabin kwalta. A nan gudunka bai wuce na mai tafiya da ƙafa ba. Injin da aka ƙera don iska ta riƙa dukan lagiretonsa yana tsaye yana dafa kansa, fanka ta tashi tana watso maka zafi a cinya, hannun hagu ya gaji da matse kuloci. Kuma kilo 235 ɗin nan, wato buhun shinkafa biyar saura kaɗan, duk a kan ƙafarka ɗaya suke in ka tsaya. Ƙafar ta taka ɓawon ayaba ko malalar baƙin mai, shi ke nan, babur ya kwanta, kuma ba ka iya ɗaga shi kai kaɗai sai ka san dabarar. Robar gefe guda da ta fashe a irin wannan faɗuwar ta wasa tana iya cin kuɗin ƙaramin babur na hannu. Tireshbil ta ɗan fi sauƙi, domin titunanta a miƙe suke, an yanka su layi-layi, amma wannan yankan shi ne matsalarta: kowane taku kaɗan akwai mararraba, kuma kowace mararraba akwai wanda zai fito bai duba ba. Ni dai a ganina, wanda zirga-zirgarsa daga shago ne zuwa gida zuwa masallaci, tsakanin Ajame da Tireshbil, wannan babur ba nasa ba ne. Zai biya kuɗin dawaki 140 ya yi amfani da goma.

Inda babur ɗin yake samun kansa shi ne babbar hanyar arewa. Daga Abijan zuwa Yamusukuro kilomita wajen 230 ne, an kammala ta a ƙarshen 2013, kuma a 2023 aka kai ta har Buwake. Akwai wuraren biyan kuɗin hanya a Attinguié da Singrobo. Ga kuma hanyar Grand-Bassam ga mai son shan iskar teku ranar Lahadi. A irin waɗannan ne za ka ji abin da ya sa mutane ke haukacewa a kansa: gudun 120 injin ko gumi bai yi ba, gilashi ya kare maka ƙirji, wuce tirela abin daƙiƙa biyu ne. Daɗin gaskiya ne, kada wani ya ce maka babu. Amma 120 ɗin nan ita ce iyakar doka a babbar hanya, cikin gari kuwa 60.

Mu koma kan saye, domin nan ne kuɗin mutane ke nutsewa tun kafin a tayar da inji. Lokacin da ake sayar da sabon Ninja 1000SX a Faransa, kuɗinsa wajen yuro 15,000 ne. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, ka ga kuɗin ya doshi miliyan 10 tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan da harajin TVA na kashi 18 cikin ɗari ba. Wannan ne ya sa yawancin waɗanda ake gani a gari na hannu ne, waɗanda suka sha tafiya a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa. Ba laifi ba ne sayen na hannu. Laifin shi ne sayen babur da ba shi da asali. In wani ya kawo maka babur na miliyan shida ya ce ba ni biyu da rabi, takardu suna nan tafe, to ka tuna araha ba ta ado. Ana satar manyan babura a Turai, ana shigar da lambobinsu cikin kundin 'yan sandan duniya na Interpol, waɗanda ke da ofishin yanki a nan Abijan. Ranar da aka gano, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, kai kuma ka zauna bayani a ofishin 'yan sanda.

Saboda haka ka durƙusa da kanka ka duba lambar shasi. Tana buge a wuyan babur, wurin da kan yake juyawa, haruffa da lambobi 17. Ka gwada ta da wadda ke kan kart giris harafi bayan harafi. In ka ga alamar an goge wurin da injin gurza ko an sake fenti a nan kaɗai, ka yi sallama ka tafi. Ka nemi takardar da ke nuna an biya duwan. Ka tabbata wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai sayarwa, ko akwai shaidar yadda babur ya zo hannunsa, sannan ku je CGI a mayar da shi sunanka. Wannan al'adar tamu ta "ai ɗan uwa ne, a bar takarda da sunansa" tana da daɗi har ranar da aka yi haɗari ko ɗan uwan ya koma gida. Sai lasin tuƙi, wanda nan muke cewa permi: na babur rukunin A ne, na motarka ba ya wakiltarsa. Sai asirans, wanda dole ne. Kuma in za ka je dubawa, ka ce kada a tayar da injin kafin ka iso. Ka taɓa shi ka ji da sanyi. Injin da ke da ciwo yana ɓoye shi in ya yi zafi, da sanyin safiya ne yake tona kansa, ko da hayaƙi ko da ƙara.

To ka saya. Yanzu ciyarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin wannan babur yana shan wajen lita 6 a kilomita 100 in ana tafiya da hankali, cikin cunkoso kuwa ya fi haka. Zuwa Yamusukuro ke nan lita 14, kuma da yake litar esans ta haura sefa 800, ka ware jaka goma sha ɗaya zuwa sha biyu na zuwa kawai, ban da dawowa da kuɗin hanya. Amma mai ba shi ne babbar matsala ba. Taya ce. Tayar baya mai faɗin 180 ko 190 roba ce mai laushi, an yi ta don ta manne wa kwalta, kuma abin da ke manne wa kwalta yana cinyewa: da wuya ta wuce kilomita 10,000 zuwa 12,000. A nan ne mutane ke zuwa neman ta hannu. Ka duba gefen tayar, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016, ko zanenta yana nan kamar sabuwa robar ta bushe, ranar ruwa za ta zame maka kamar sabulu. Iska kuma ba da matsa yatsa ake aunawa ba. Yawancinsu suna son bar 2.5 a gaba, 2.9 a baya, a auna taya na da sanyi.

Baƙin mai ma akwai magana. A yawancin waɗannan babura kuloci yana wanka ne a cikin man injin, don haka man mota ba ya yi, yana sa kuloci sulɓi. Ka nemi galan mai rubutun JASO MA2, kuma ka saya inda ka amince, don jabu ya yi yawa. Mai sarƙa sai wanki da shafa mai kowane kilomita 500 zuwa 1,000, da damina ma fiye da haka. FJR da BMW ɗin da na ambata ba su da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, wannan wahala ɗaya ta ragu. Sai bakanike. Makanikan Ajame akwai gwanaye, wallahi wasu da kunne kawai suke gane ciwon inji. Amma babur na zamani kwamfuta ce ke raba masa mai, ba kafireto ba, kuma sai da na'urar da ake jonawa ake karanta abin da ke damunsa. Kafin ka saya, ka fara nemo wanda zai gyara da inda kayan gyara za su fito. Yamaha dai yana da wakili a ƙasar nan, kamfanin CFAO. Wasu kuwa sai an yi odar kaya daga Turai ko Dubai, babur ya yi wata yana shan ƙura a tsakar gida saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, wato lissafin tsayawa. A gudun 60, kana cin mita 17 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da hannunka ya kama birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Birki mai kyau a busasshiyar kwalta zai ƙara maka wasu mita 18. Jimla mita 35. A gudun 120 fa? Mutum zai ce ai ninki biyu ne. A'a. Nisan birki yana ninkawa sau huɗu ne in gudu ya ninka sau biyu: mita 33 na tunani, mita 71 na birki, jimla ta haura 100, tsawon filin ƙwallo guda. A 180 kuwa sai ka ci mita 200 da ɗoriya kafin ka tsaya. Wannan duk a hannun gwani ne, da taya mai kyau, ba ruwa ba yashi. Yanzu ka tuna abin da ke kan hanyoyinmu: tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a baya maimakon alama, mai tsallaka babbar hanya da kaya a ka, tumaki, ramin da babu shi makon jiya. Kuma direban da ya leƙa madubi ya hango fitila ɗaya can nesa, a ransa ƙaramin babur ne, yana da lokacin shiga. Bai san kafin ya gama juya sitiyari ka iso ba.

Akwai kuma ɗabi'u biyu da ƙaramin babur ke koya wa mutum waɗanda babba ba ya yafewa. Ta farko tsoron birkin gaba. Da yawanmu an koya mana cewa birkin gaba yana kifar da mutum, sai a taka na baya kawai. A babban babur, kashi 70 cikin ɗari na tsayawa ko fiye daga gaba yake, saboda da ka kama birki nauyi yana komawa kan tayar gaba, ta baya ta yi sakayau. Ana matsa shi ne a hankali sannan a ƙara, kamar mai matse lemo, ba a fizga ba. In kana da zaɓi ka ɗauki mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa. A Turai tun 2016 aka fara wajabta ta ga sababbin babura da suka haura cc 125. Ta biyu ita ce shan kwana. A gudu, babur mai nauyi ba ya bin karkata jiki kawai. In kana so ka yi dama, hannun dama za ka ɗan tura gaba, babur ya kwanta dama. Ji ake kamar an juya magana, amma haka yake, kuma wanda bai koyi wannan ba ranar da kwana ta matse shi miƙewa zai yi ya bar titi. Ido ma yana jan babur: inda ka kalla can za ka. Ka kafa wa rami ido, ka faɗa ramin.

Don haka shawarata ga wanda ya fito daga cc 125, kada ya yi tsalle zuwa 1,000. Ya bi ta 300 ko 500, ko 650 in ya daɗe a kan hanya, ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya sha damina a kai. Daminar Abijan makaranta ce: daga Mayu zuwa Yuli, musamman Yuni, sai kuma ƙaramar ta Oktoba da Nuwamba. Ruwan farko bayan kwanaki ba ruwa shi ya fi haɗari, don yana taso da man da ya kwanta a kwalta. Farin fentin tsallakawa da murfin kwalbati na ƙarfe duk sulɓi suke. Wanda ya san mararrabar Indénié a shekarun da take cika da ruwa ya san abin da nake faɗa.

Hukuma ma ta canza salo. Tun Satumban 2021 kyamarori ke ɗaukar masu laifi a manyan titunan Abijan, tara ta same ka ta saƙon waya ba tare da kowa ya busa maka usur ba. Daga 1 ga Maris 2023 kuma aka fara permi mai maki, kowa da maki 12, laifi yana rage su, in sun ƙare tuƙi ya tsaya. Masu lanƙwasa lamba ko cire ta don kyamara kada ta gani, su sani wannan wani laifin ne a kan laifi. Sannan don Allah, masu cire salansa su sa mai ƙara: a Tireshbil akwai babban asibitin CHU, akwai tsofaffi, akwai jarirai, akwai wanda ya kwana yana gashin cukuya sai asuba ya kwanta.

Hular kwano, wato kaski, ba don ɗan sanda ake sa ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma bincike ya nuna hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42, raunin kai da kusan kashi 69. Mai kyau fa aka ce, wadda ta rufe har haɓa, mai alamar ECE 22.05 ko 22.06 a igiyarta, kuma a ɗaure igiyar. Irin ta masu aikin gini ba ta cikin lissafi. Sai safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu. Akwai mai raga-raga da iska ke ratsawa saboda zafinmu. Babbar riga da jallabiya kuwa a naɗe su a akwati, a sa in an isa, domin sarƙa da taya ba su san tsadar shadda ba. Haka in za ka ɗauki iyali, mayafi da bakin zane a tattare su sosai, ita ma da tata hular.

Tambaya ta ƙarshe da ta fi yawa daga 'yan Nijar ita ce: zan iya hawa in je gida Sallah? Babur ɗin zai iya, don haka aka ƙera shi. Hanyar ce abin dubawa. Ta arewa tana bi ta Buwake, Ferkessédougou, Ouangolodougou, a shiga Burkina ta Niangoloko, Bobo, Wagadugu, Fada N'Gourma, Kantchari, sannan Torodi zuwa Yamai. Gabashin Burkina da yankin Tillaberi suna fama da 'yan bindiga, kuma saboda su ma da babura suke yawo, hukumomi sun hana zirga-zirgar babura a wurare da dama. A wasu sassan Tillaberi tun Janairun 2020. Baƙo a kan babban moto da fuska a rufe, ba ka tsira daga 'yan daji ba, ba ka tsira daga zargin soja ba. Ban ba kowa shawarar wannan hanyar a babur ba. Ta bakin teku ta fi kwanciyar hankali: Aboisso, iyakar Noé, Takoradi, Akara, Lome, Kwatano, Legas, wajen kilomita 1,000, mutumin Kano ya ɗora daga nan. Mai niyyar haurawa Gaya daga Kwatano ya tuna an rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ya ɗaura kaya. Ka tanadi katin asirans na ƙetare iyaka, wanda ake kira kart burun na CEDEAO, da takardar shigar da babur na ɗan lokaci a kowace duwan. Tunda Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ka sa mai asirans ɗinka ya rubuta maka ƙasashen da takardarka ta rufe. Kuma kada dare ya same ka a hanya.

In Allah ya kawo tsautsayi ka tarar da mahayi a ƙasa, kada ka cire masa hula da ƙarfi, kada a ɗaga shi a zaunar ko a ɗura masa ruwa, domin in wuya ya taɓu jan nan ne ke ƙarasa shi. A tare motoci, a bar shi yadda yake in yana numfashi, a kira 'yan kwana-kwana a 180 ko SAMU a 185. Ka sa lambobin nan a wayarka yau.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da masu kai saƙo a babur, mu ji yadda suke lissafin mai da gyara da abin da ke saura musu a aljihu. Mai tambaya ya turo ta layin da aka saba. A huta lafiya.